Abdullahin Gwandu: Malamin da ya haɗa kula da addini da kula da lafiyar jiki

Idan aka ambaci Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, yawancin mutane tafsiri da jihadi suke tunawa. Kaɗan ne suka san cewa daga cikin littattafan da ya bari akwai wanda ya taɓo lafiyar jikin ɗan Adam.

An haife shi a wajajen 1766. Ya yi karatu a wajen yayansa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da malamai irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru, har ya yi zurfi a Larabci da fiƙihu da tafsiri. Tun yana matashi yake bin Shehu yawon wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi.

Da aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, shi ne ya jagoranci rundunar jama'ar Shehu a yaƙin Tabkin Kwatto, inda suka yi galaba a kan Sarkin Gobir Yunfa. Bai daɗe ba kibiya ta same shi a ƙafa a harin farko da aka kai Alƙalawa. A 1805 kuma aka yi karon Alwasa, kusa da Gwandu, inda jama'ar suka yi asarar mutane masu yawa. Ke nan ya ga raunuka da idonsa, ya kuma ɗanɗana a jikinsa, a zamanin da babu asibiti, sai abin da na kusa da majinyaci ya iya.

A wajajen 1807 ya bar fagen daga da niyyar tafiya Makka, saboda yadda ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu abokan gwagwarmaya. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam kan yadda ake mulki, sannan ya koma gida. A 1812 Shehu ya ba shi kula da yammacin daula. Bayan rasuwar Shehu a 1817, Muhammadu Bello ya zama Sarkin Musulmi, shi kuma ya zauna a Gwandu yana karantarwa har ya rasu a wajajen 1829. Allah ya jiƙansa.

Ban da tafsirinsa Diya'ut Ta'wil, ya rubuta Masalihul Insan, littafin da cikakken sunansa ya haɗa maslahar addini da ta jiki. Bello ma ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da ciwon ido da basir. A wurin malaman nan, sanin yadda ake kula da jiki ilimi ne da ake nema kamar sauran ilimai.

Wannan darasin bai tsufa ba a masarautar Gwandu, daga garin Gwandu har Kalgo, inda Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi take. Haɗarin mota da na kwalekwale na ci gaba da cin rayuka a jihar, kamar wanda ya faru kusa da Warrah a watan Mayun 2021. A irin wannan hali, na kusa ne ke fara isa kafin likita.

Dabarar farfaɗo da zuciya da numfashi, wato CPR, ta samu ne a 1960, fiye da shekara 130 bayan rasuwarsa, kuma ko wanda bai yi karatun likita ba zai iya koyonta. Idan mutum ya faɗi ba ya amsawa kuma ba ya numfashi, a tura wani neman taimako, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Wanda ya samu horo yana hura masa numfashi sau 2 bayan kowane danni 30, abin da wanda aka ciro daga ruwa ya fi buƙata. Ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin 'yan mintoci idan iska ba ta isa gare ta ba. Mai zubar da jini kuwa, a danne raunin da tsumma mai tsabta har a isa asibiti.

Ƙungiyar agaji ta Red Cross na koyar da taimakon gaggawa a Najeriya. Idan makarantun Islamiyya da na boko da ƙungiyoyin direbobi da masu kwalekwale suka nemi wannan horo, sun ɗauki wani ɓangare na gadon Malam Abdullahi.