Muhammadu Al-Katsinawi, Gwanin Lissafi

A wannan mako ƙungiyarmu ta kawo muku tarihin Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Katsinawi. A Katsina ya tashi, ya yi karatu mai zurfi a fannin lissafi da ilmin taurari. Daga baya ya tafi aikin Hajji, sannan ya zauna a Alƙahira ta ƙasar Masar. A can ya rasu a 1741, a gidan Malam Hasan Al-Jabarti. Wato shekara 13 ke nan kafin haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya zauna a Sifawa, nan ƙasar Bodinga.

A 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan hatimi. Hatimi zane ne mai gidaje da ake cikawa da lambobi, yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, a tsaye, a kwance da ta kusurwa. A hatimi mai gida 9 ana sa 1 zuwa 9, kowane layi ya ba da 15. Me ya sa dole 15? Jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45. Layuka 3 ne, kuma daidai suke, don haka kowanne ya sami 15. Wannan hujja ce, ba sa'a ba. Malamin ya bayyana ƙa'idojin da ake bi mataki-mataki a cika hatimi mai layuka 3, 5, 7 da sauransu.

Umarni mataki-mataki shi ne ainihin manhajar kwamfuta. Idan an gwada manhaja sau ɗari ta yi daidai, tana iya kuskure a na ɗari da ɗaya. Shi ya sa a 1949 wani masani ɗan Ingila, Alan Turing, ya nuna yadda za a tabbatar da ingancin manhaja da hujjar lissafi. Abin ya shafe mu, domin da kwamfuta yayyenmu ke rubuta JAMB, kuma da na'urar POS iyayenmu ke cire kuɗi a kasuwar Shagari da ta Bodinga.

Ga aikin gida: hatimi mai gida 25 yana ɗaukar 1 zuwa 25. Nawa kowane layi zai bayar? Ku kai amsa ga sakataren ƙungiya kafin Juma'a, tare da hujjarku.