Malam Aminu Kano: Jagoran Jam'iyyar da Faɗuwa Zaɓe Bai Rufe wa Baki Ba

An haifi Malam Aminu Kano ranar 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa da ke birnin Kano, a gidan malamai. Mahaifinsa, Malam Yusufu, masanin fikihu ne da ya yi aiki a kotun alƙali, don haka tun yana yaro ya san yadda ake yanke wa talaka hukunci. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya koyar a makarantar Midil ta Bauchi, inda ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, sannan ya tafi ƙarin ilimi Landan a 1946. A 1950 ya ajiye aikin koyarwa a Maru, ya rungumi jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta na wannan shekara. A 1953 ya zama shugabanta.

Kafin ya hau shugabancin, jam'iyyar ta riga ta sha kayen farko. A zaɓen 1951 'yan takararta sun yi rinjaye a matakin farko a birnin Kano, amma zaɓen na hawa-hawa ne: jama'a su zaɓi wakilai, wakilai su zaɓi wasu, kuma a matakin ƙarshe hukumar En'e tana da ikon ƙara nata mutanen. Da aka kai ƙarshen hawan, NEPU ba ta samu kujera ko ɗaya a Majalisar Dokokin Jihar Arewa ba. Shi kansa Malam Aminu ya faɗi zaɓen tarayya na 1954 a hannun Yusuf Maitama Sule, ya kuma faɗi na jiha a 1956.

Jam'iyyar da ba ta da kujera ba ta da sauran jari sai bakinta, kuma shi ne aka yi ta ƙoƙarin toshewa. Ba a yin lacca sai da izinin En'e, alhali manyan En'e ɗin su ne jiga-jigan jam'iyyar NPC mai mulki. 'Yan doka na En'e ne, kotunan alƙalai da gidajen yari ma nata ne. An ɗaure 'yan NEPU da dama bisa tuhumar zagin sarki ko yin taro ba izini, an yi wa wasu bulala, wasu kuma aka tsananta musu haraji har suka bar garuruwansu. Hajiya Gambo Sawaba, shugabar matan jam'iyyar, ta shiga gidan yari sau 16. A Kano har ƙungiyar 'yan banga aka kafa mai suna Jam'iyyar Mahaukata domin tarwatsa tarukansu.

Abin da Malam Aminu ya yi a waɗannan shekaru shi ne hana jam'iyyar yin shiru. Ya yi yawo gari-gari yana lacca, yana kafa hujja da Alƙur'ani da littattafan shugabannin jihadin Sakkwato, domin ya nuna wa talaka cewa faɗa wa mai mulki gaskiya ba fita daga addini ba ne. Jaridar Daily Comet da ake bugawa a Kano ta riƙa ɗaukar muryar jam'iyyar, mawaƙanta kuma suka kai saƙon kasuwanni da ƙauyukan da jarida ba ta isa. Ya ƙulla ƙawance da jam'iyyar NCNC ta Nnamdi Azikiwe, abin da ya sa koken 'yan NEPU ya riƙa isa Legas.

Haƙurin ya ɗan yi rana a 1959, lokacin da NEPU ta ci kujeru 8 a Majalisar Wakilai, ciki har da tasa ta Kano ta Gabas. Sai dai a zaɓen jiha na 1961 kujera ɗaya tak ta samu cikin 170, a 1964 kuma ya rasa tasa. Bayan soja sun soke jam'iyyu a 1966, ya riƙe ma'aikatar sadarwa, daga baya ta lafiya, a gwamnatin Janar Yakubu Gowon. A zamanin mulkin soja ne aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, buƙatar da NEPU ta daɗe tana shan ɗauri a kanta.

Jarrabawa mafi wuya ta zo masa ne daga cikin gida. A 1978 ya kafa jam'iyyar PRP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979, ya samu kusan kashi 10 cikin 100 na ƙuri'u, Alhaji Shehu Shagari na NPN ya yi nasara. Duk da haka PRP ta ci gwamnonin Kano da Kaduna, wato Abubakar Rimi da Balarabe Musa. Nan da nan saɓani ya taso kan yadda za a yi adawa: gwamnonin biyu suka riƙa halartar taron gwamnonin UPN da GNPP, uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi hanuwa, aka kore su. Jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan Taɓo tare da Malam, 'yan Santsi tare da gwamnoni. Mutumin da ya shafe shekaru yana kare 'yancin mai saɓa wa hukuma, sai ga almajiransa suna zargin jam'iyyarsa da ƙin jure saɓani. A tsakiyar wannan rikici majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa a watan Yunin 1981.

Allah ya yi wa Malam Aminu rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, watanni kaɗan kafin babban zaɓe, ɓarakar ba ta ɗinku ba. An binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda yanzu ake kira Gidan Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa na birnin duk sunansa suke ɗauke da shi, ko da yake zaɓukan da ya faɗi sun fi waɗanda ya ci yawa.