Likita Baikie, Ɗan Teku da Ya Juya Zabura Zuwa Hausa

Ɗanmu na Madadi ko Gwarzo ko Kabo in ya ce zai karanta ilmin teku a jami'a, mukan yi dariya mu ce ina ruwan Bakano da teku. To, ga labarin wani ɗan teku da aikinsa ya iso har Kano.

An haifi William Balfour Baikie a 1825 a Kirkwall, cikin tsibiran Orkney da ke arewacin Sukotland, inda ruwa ya kewaye ƙasa ta ko'ina. Ya karanta likitanci a Jami'ar Edinburgh, yana kuma nazarin tsuntsaye da dabbobin tsibiransu. A 1848 ya shiga rundunar sojan ruwa ta Birtaniya.

A 1854 aka sa shi likitan jirgin Pleiad mai zuwa binciken Kwara da Binuwai. Shugaban tafiyar, John Beecroft, ya rasu tun ba su shiga kogi ba, sai jagoranci ya faɗo wa Baikie. Kowa ya san yadda zazzaɓi ya cinye Turawa da yawa a tafiyar 1841. Shi kuwa ya tilasta wa mutanensa shan kwinin kullum. Suka yi wajen wata huɗu suna auna zurfin ruwa suna zana taswira, suka dawo ba a rasa ko mutum ɗaya ba. Samuel Ajayi Crowther na cikin jirgin nan, kuma abin da ya gani ya share hanyar aikin bishara a bakin Kwara.

A 1857 jirginsa na biyu, Dayspring, ya fashe a kan duwatsu kusa da Jebba. Wani da ya koma gida. Baikie ya zauna, ya kafa zango a Lakwaja, yana yi wa mutane magani, yana fansar bayi, yana koyon Hausa a bakin fatake. A 1862 ya bi ta Bida da Zariya ya shiga birnin Kano.

A shekarun nan ne ya juya Zabura zuwa Hausa. Hausar tasa ta baƙo ce, amma a lokacin kaɗan ne suka kai shi himma. Ya rasu a Saliyo a Disamba 1864 a kan hanyarsa ta komawa gida, yana da shekara 39. Sai a 1881 aka buga Zaburar tasa a Landan.