Johann Meigen, Malamin da Ya Raɗa wa Sauro Suna

 Wannan makon mun ɗauko muku tarihin wani Bajamushe, Johann Wilhelm Meigen, wanda bai yi karatun jami'a ba, amma har gobe masana ƙwari na aiki da sunayen da ya raɗa.

An haife shi ranar 3 ga Mayu, 1764, a Solingen da ke ƙasar Jamus, garin maƙera da ya yi suna wajen ƙera wuƙaƙe da takubba. Iyayensa ba masu hali ba ne. Da koyarwa ya riƙa neman abinci, musamman koyar da Faransanci, kuma a garin Stolberg ya yi yawancin rayuwarsa. Kama ƙwari kuwa sha'awa ce kawai, aikin bayan an tashi daga aji.

Ƙwarin da ya zaɓa su ne waɗanda kowa ya raina, wato masu fiffike biyu, dangin ƙuda da sauro. Babban masanin zamanin, Fabricius, da fasalin baki yake rarraba ƙwari. Shi kuwa Meigen ya ga duba gaɓa ɗaya ba ya wadatarwa, sai ya haɗa da jijiyoyin fiffike da gashin da ke kan ƙwaron. Yakan ƙura wa ƙwaro ido, ya zana shi da hannunsa, ya gwada shi da na kusa da shi, sannan ya ba shi suna.

A 1803 ya raɗa wa wasu ƙananan ƙwari suna Chironomus. Mu 'yan Makera mun san danginsu: su ne masu tashi kamar hayaƙi a bakin kogin Kaduna da almuru, su yi dafifi a jikin ƙwan lantarki. Da yawanmu sauro muke ce musu, alhali kama da wane ba ta wane. Ga yadda ake bambancewa. Sauro na da dogon baki kamar allura, su kuwa bakinsu gajere ne, ba sa cizo. Idan sauro ya sauka yakan ɗaga ƙafafun baya, su kuma na gaba suke ɗagawa, kamar mai nuni da hannu, kuma ma'anar sunan ke nan a harshen Girka. Tsutsarsu tana zama a cikin laka, wata ja ce jawur, kifi kuma na cin ta.

A 1818 ya fara fitar da babban littafinsa kan irin waɗannan ƙwari na Turai. Sai a 1838 ya kammala juzu'i na bakwai, bayan ya bayyana iri-iri har dubbai. A juzu'in farko ya ware wani jinsin sauro ya kira shi Anopheles. A lokacin babu wanda ya san haɗarinsa. Sai a 1897, shekara 52 bayan rasuwar Meigen, likita Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin irin wannan sauron a Indiya. Yau ma'aikatan lafiya da wannan suna suke kiran abokin gabarmu.

Duk da wannan aiki bai yi arziki ba. Da tsufa ya zo masa, sai da ya sayar da ƙwarin da ya tara, aka kai su gidan adana kayan tarihi na Paris. A Mayun 1845 Jami'ar Bonn ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ya rasu ranar 11 ga Yuli na shekarar, yana da shekara 81.

Aikin bai ƙare da shi ba. A 1951 masani Howard Hinton ya bayyana wani ɗan wannan dangi da aka samo a kwarmin duwatsun arewacin Najeriya, Polypedilum vanderplanki. Tsutsarsa na bushewa ƙayau da rani, in ruwa ya taɓa ta ta farfaɗo. An taɓa farfaɗo da wasu bayan shekara 17 a bushe.

Don haka, kafin mu tafka wa ƙwaro mari, mu dubi bakinsa da ƙafafunsa. Littafi da fensir da haƙuri, da su Meigen ya fara.