RAMABAI, YARINYAR DA UWARTA TA KOYA WA KARATU

Ya kai mai karatu, kana da 'ya mace a gida? To, ga labarin wata mata ta ƙasar Indiya, sunanta Ramabai.

An haife ta a shekara ta 1858. Ubanta, Anant Shastri, malami ne na Sanskrit, wato tsohon harshen da aka rubuta littattafan addinin Hindu da shi. Harshe ne mai wuya ƙwarai. Wani malami, Panini, ya tsara nahawunsa cikin dokoki wajen 4,000 tun kafin haihuwar Yesu. A lokacin nan malamai ba su yarda mace ta koye shi ba. Amma Anant Shastri ya koya wa matarsa, ita kuma ta koya wa 'yarta. Ramabai ta haddace dubban baitoci tun tana ƙarama.

Sai aka yi babbar yunwa. Mu nan Jiratawa da Tsibiri mun san yunwa, ba mu manta da 1984 da 2005 ba. Yunwar ta kashe ubanta da uwarta. Ita da wanta suka yi ta yawo a ƙasa gari gari. A 1878 suka isa birnin Kalkata. Manyan malamai suka jarraba ta, suka yi mamaki, suka ba ta suna Pandita, wato malama.

Ga ilimi, ga suna, amma zuciyarta ba ta huta ba. Wanta ya rasu a 1880. Ta yi aure, mijin ya rasu a 1882, ya bar ta da jaririya. Ta duba cikin tsofaffin littattafan da ta sani, ba ta ga wata ta'aziyya domin gwauruwa ba.

A 1883 ta tafi Ingila neman ilimi. Can ta ga Kirista suna taimakon matan da kowa ya ƙi. Aka karanta mata Bishara ta Yohanna sura 4, labarin Yesu da Basamariya a bakin rijiya. Ta ga Mai Ceto wanda bai rena mace ba. A shekaran nan aka yi mata baftisma.

Ta koma gida. A 1889 ta buɗe makaranta a Bombai domin 'yan mata ƙanana waɗanda mazansu suka mutu. Da yunwa ta sāke zuwa a 1896, sai ta bi ƙauyuka tana tattara marayu, ta kai su gonarta a Kedgaon, ta sa wa wurin suna Mukti, wato ceto. A 1900 waɗanda ke zaune can sun fi 1,500.

Nahawun da ta koya wurin uwarta bai tafi banza ba. Shi ya sa ta iya koyon Helenanci da Ibrananci, ta juya dukan Littafi Mai Tsarki zuwa Marati, harshen mutanenta, da kalmomi masu sauƙi domin matan ƙauye su gane. Ta gama aikin, ba da daɗewa ba ta rasu, ran 5 ga Afrilu, 1922.

Ɗan'uwa, ilimi bai ceci Ramabai ba, Yesu ne ya cece ta. Amma da ilimin nan ta yi wa Ubangiji aiki. Kai fa? 'Yarka tana makaranta, ko kullum tana yawon talla? Ta iya karanta Maganar Allah da kanta? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku zauna da maiɗakinka yau da dare, ku yi addu'a, ku yi shawara a kan yarinyan nan.