Louis Braille: Ɗan Baduku Da Ya Ƙirƙiro Rubutun Makafi

Mu da muka tashi a Yusufari ko Nguru ko Gashuwa mun fi sabawa da ganin makaho da sanda da ɗan jagora, ba da littafi ba. Alhali kuwa yau shekara ɗari biyu ke nan da samuwar rubutun da ake karantawa da yatsa.

An haifi Louis Braille ranar 4 ga Janairu, 1809, a ƙauyen Coupvray da ke gabas da birnin Faris a ƙasar Faransa. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinka kayan doki. Yana da shekara uku ya soki idonsa da basilla a wurin aikin mahaifin, ciwon ya kama ɗaya idon, zuwa shekara biyar ya makance gaba ɗaya.

A 1819 aka kai shi makarantar makafi ta Faris wadda Valentin Haüy ya kafa. Littattafanta manya ne masu nauyi, an turo haruffan boko sama don a shafa, karatu a hankali, kuma ɗalibi ba ya iya rubuta irinsu da kansa. Sai tsarin wani tsohon hafsan soja, Charles Barbier, ya iso makarantar, mai amfani da ɗigo har 12. Braille ya lura kan yatsa ba ya rufe ɗigo 12 a taɓawa ɗaya, saboda haka ya rage su zuwa shida, biyu a kwance uku a tsaye. Daga nan ake samun alamomi 63, sun wadatar da haruffa da lambobi da alamomin rubutu. Ya kammala a 1824 yana ɗan shekara 15, ya wallafa a 1829. Abin mamaki, da tsinke mai kama da basillar nan ake huda ɗigon.

Ya zama malami a makarantar, yana kuma kaɗa molon coci mai bututu. Sai dai hukuma ta ja ƙafa, har wani shugaban makarantar ya taɓa hana amfani da tsarin, ɗalibai suka ci gaba a ɓoye. A ganina nan ne ƙarfinsa ya fito, don masu buƙatarsa ne suka riƙe shi. Tarin fuka ya yi ajalinsa ranar 6 ga Janairu, 1852, yana da shekara 43, ba a amince da rubutun a hukumance ba sai 1854.

A Nijeriya an buɗe makarantar makafi a Gindiri a 1953, kuma an tanadar wa ɓ da ɗ da ƙ nasu ɗigon. Akwai Alƙur'ani da wannan rubutu. Yanzu har na'ura ake jonawa da kwamfuta tana turo ɗigon layi bayan layi, amma idan malami ya ɗora hoton shafi a intanet maimakon rubutu, na'urar ba ta da abin da za ta turo wa ɗalibin.