Tupac Shakur: Tsakanin Kasuwa da Unguwa

A shekarar 2023 mujallun Billboard da Vibe na Amurka suka jera mawaƙan gambara 50 da suka ce babu kamarsu a tarihi. Jay-Z ne na ɗaya, Tupac Shakur kuma na huɗu. Nan take musu ya kaure. Wasu suka ce an tauye shi, wasu suka ce ai wajen sarrafa kalma bai kamo ƙafar Rakim ba, kasuwa ce kawai ta ɗaga shi. Ni dai, da na taso ina ganin hotonsa a shagunan aski, ina ganin wannan musun shi ne ya ci rayuwarsa tun yana raye.

An haife shi a unguwar Harlem ta birnin New York ranar 16 ga Yuni, 1971, wata guda bayan kotu ta wanke mahaifiyarsa Afeni, ’yar ƙungiyar Black Panther mai fafutukar ’yancin baƙar fata. Talauci kam ya sha shi. Amma abin da masoyansa ba su cika faɗi ba shi ne, yaron bai tashi ɗan daba ba. A Baltimore makarantar fasaha ya yi, inda ya koyi wasan kwaikwayo da rawa da rubuta waƙa.

Kundinsa na farko, na 1991, kukan talakan unguwa ne: zaluncin ’yan sanda, da yarinya ’yar shekara 12 da ta yi ciki ba mai tallafa mata. Har mataimakin shugaban ƙasa Dan Quayle sai da ya fito ya soke shi a 1992.

To, daga nan suna ya zo, fina-finai suka zo, kuɗi suka zo. A duniyar gambara kuwa, da zarar Turawan unguwannin masu hali sun fara sayen faifanka, sai ’yan unguwa su fara tambayar ko har yanzu kai nasu ne. A fahimtata, Tupac ya ɗauki wannan tambaya da zafi fiye da kima. Kusan duk shari’o’insa sun zo ne bayan ya shahara. A Nuwamban 1994 aka harbe shi sau biyar a New York. A farkon 1995 aka ɗaure shi kan cin zarafin wata mata, laifin da bai kamata masu yabonsa su riƙa tsallakewa ba. Yana kurkuku kundinsa na uku ya hau matsayi na ɗaya a Amurka.

Suge Knight na kamfanin Death Row ne ya tsaya masa belin dala miliyan 1.4, shi kuma ya sa hannu a kwantiragi. Kundin da ya biyo baya a Fabrairun 1996 ya fi duk na baya ciniki, amma bugun ƙirji da gaba da Notorious B.I.G. sun danne kukan talaka.

Ranar 7 ga Satumba, 1996, bayan damben Mike Tyson a Las Vegas, aka buɗe wa motar da yake ciki wuta. Ya cika bayan kwana shida, yana da shekara 25. Sai a 2023 aka kama wani ana tuhumarsa da kisan.

Masu jerin nan sun auna aikin shekara biyar ne da na mutanen da Allah Ya ba tsawon rai. Jay-Z ɗin da suka ba na ɗaya, a Yunin 1996 ya fitar da kundinsa na farko, ƙasa da wata uku kafin daren Las Vegas.